Wa Ya Ƙera Bodin Wannan Tsohuwar Rolls-Royce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni makaniki ne a Kaduna, kuma an kawo mini wata tsohuwar Rolls-Royce Silver Wraith da ta daɗe a ajiye domin in tashe ta. Na duba hotunan irinta, sai na ga kusan kowace da siffarta daban. Wani dattijo ya ce mini ba kamfanin Rolls-Royce ne ya yi bodinta ba. Shin haka ne, kuma ta yaya zan gane wanda ya yi shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka. Silver Wraith, wadda aka yi daga 1946 zuwa 1958, kamfanin yana haɗa shasi da inji da giya ne kawai a masana'antarsa ta Crewe da ke Ingila, sannan a tura wa wani kamfanin maƙeran bodi, su gina jikin da hannu yadda mai saye ya zaɓa, galibi da alminiyum a kan firam na katako. Sai a 1949, da fitowar Silver Dawn, Rolls-Royce ta fara sayar da mota mai ɗauke da sunanta da bodin da aka haɗa a masana'antarta. Waɗanda suka fi yi wa Silver Wraith bodi su ne H.J. Mulliner da Park Ward da Hooper da Freestone & Webb, dukkansu a Landan, sai James Young a garin Bromley.

Ka fara da buɗe ƙofofi ka duba dokin ƙofa, wato inda ake taka ƙafa wajen shiga, domin a nan maƙeran suka saba maƙala ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sunansu. Idan ya ɓace, ka nemi lambar bodi, wadda ta bambanta da lambar shasi. Akan buga ta a jikin katako, ko a rubuta ta da fensir ko alli a bayan allunan da ke rufe cikin ƙofa da ƙarƙashin kujeru. Ina roƙonka, kafin ka kankare ko ka fesa fenti a ko'ina, ka ɗauki hoton duk rubutun da ka gani, saboda irin wannan shaida idan ta goge ba ta dawowa.

Siffar mota tana ba da haske, amma kada ka dogara da ita kaɗai. An san Hooper da salon da ake kira Empress, inda ƙarfen da ke rufe tayar gaba yake gangarowa a hankali har zuwa bayan mota, tayar baya kuma a rufe, sai dai Freestone & Webb ma sun yi bodi mai kama da shi ƙwarai. Ban da haka, allon suna abu ne da ake iya cirewa daga wata mota a ɗaura wa wata, kuma akwai motoci da yawa da aka sauya wa bodi bayan haɗari ko tsufa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce lambar shasi, wadda za ka samu a ɗan allon da ke bangon da ya raba inji da mazaunin direba, haruffa haɗe da lambobi. Ana iya neman kwafin takardun asali na waɗannan motoci a wurin Rolls-Royce Enthusiasts' Club, ƙungiyar masu sha'awar motocin Rolls-Royce da ke Ingila, kuma katin kowace mota yakan nuna maƙerin da aka kai wa shasin da wanda ya fara sayenta. Ka shawarci mai motar ya aika musu da lambar ya nemi kwafin katin. Idan sunan da ke kan katin ya dace da na dokin ƙofa, to alama ce mai ƙarfi cewa bodin na asali ne. Idan kuwa suka saɓa, to akwai alamar an sauya shi daga baya, kuma wajibi ne mai motar ya san haka kafin a kashe kuɗin gyara, domin yana shafar darajarta.