Tambaya da Amsa: Yawon Kwana Biyar a Mota Tsakanin Tafkunan Jihar New York

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne daga Kaduna, kuma in Allah ya yarda zan kai iyalina Amurka a watan Oktoba, ni da maiɗakina da yara uku. Ina so mu ɗauki motar haya a filin jirgin New York da zarar mun sauka, mu miƙe zuwa yankin tafkunan Finger Lakes, mu yi kwana biyar muna zagayawa, mu kuma leƙa shahararriyar magangarar ruwan nan ta Neyagara. Abin da ya dame ni shi ne an ce mini yankin na masu yin giyar inabi ne. Ina tsoron direbobi masu maye a kan hanya, ina kuma tunanin ko wurin ya dace da iyali Musulmi. Ni dai ba na sha, kuma na saba da dogon tuƙi, domin nakan yi Kaduna zuwa Legas a yini ɗaya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Damuwarka game da yanayin wurin tana da sauƙin warwarewa, don haka da ita zan fara. Gaskiya ne gangaren tafkunan Seneca da Cayuga da Keuka cike yake da gonakin inabi, saboda ruwan mai zurfi yana riƙe ɗumi ya rage wa kurangar kaifin sanyi, kuma Seneca kaɗai zurfinsa ya kai kusan mita 188. Amma wuraren ɗanɗana giya gidaje ne a keɓe a cikin gonaki, sai wanda ya karya kan mota ya shiga da niyya, kuma abin da ke kai yawancin iyalai yankin shi ne ruwa da duwatsu da ganyayen kaka da ke rikiɗa zuwa ja da ruwan ɗorawa. Abu biyu kawai za ku kiyaye. A gidan abinci ku tambaya ko an zuba giya a cikin miya ko romo, domin a can abu ne da aka saba. A rumfunan bakin hanya kuma, ruwan tufa da aka rubuta wa hard cider mai sa maye ne, wanda aka rubuta wa sweet cider kuwa tataccen ruwan tufa ne kawai. Akwai masallatai da shagunan nama halal a biranen Rochester da Syracuse, amma a ƙananan garuruwan bakin tafki ku dogara ga kifi da abin da kuka yi guzuri.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka yana cikin jimlarta ta ƙarshe da kuma kalmar nan "da zarar mun sauka". Kusan kullum sai na ji wannan magana daga bakin mutanenmu: ni ba na sha, kuma na saba da hanya. Kana jin tsoron direban da ya sha giya, alhali tsarin da ka zana zai mayar da kai direba irinsa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda barasa ta kai 0.05 cikin ɗari a jininsa, wanda kuma ya kai awa 24 yana daidai da mai 0.10. Dokar Jihar New York tana kama direba da laifin tuƙi cikin maye daga 0.08. Ma'ana, mutumin da bai taɓa kai kwalba baki ba tun da aka haife shi yana iya riƙe sitiyari cikin halin da ya fi na wanda ɗan sanda zai sa wa ankwa muni.

Mu yi lissafin tafiyarka tare. Za ka tashi da asuba a Kaduna, ka kama hanyar Abuja, ka jira jirgin dare, ka sauka a wani birni ka sake jira, sannan ka tsallaka teku. A ce kun sauka New York da ƙarfe 3 na rana. Kafin ku gama da layin jami'an shige da fice, ku kwashi kaya, ku cika takardun motar haya, ku ɗaura kujerun yara, ƙarfe 6 ta yi. A watan Oktoba Najeriya tana gaban New York da awa 5, saboda haka agogon jikinka yana ƙarfe 11 na dare a lokacin da za ka tayar da mota. Daga filin jirgin zuwa garuruwan bakin tafki irin su Ithaca ko Watkins Glen tafiyar awa 5 ce ko fiye idan an haɗa da cunkoson fita daga birni. Za ka shiga mafi duhun hanyar, tsakanin tuddan Pennsylvania da Binghamton, daidai lokacin da jikinka ke ganin ƙarfe 3 zuwa 4 na dare ne, wato lokacin da barci ya fi ƙarfin kowa, ga iyali duk sun yi shiru a baya, ga na'urar ɗumama mota tana hura maka iska a fuska.

Kaduna zuwa Legas da kake misali da ita ba ta shiga wannan lissafi, domin kakan tashi ne bayan ka kwana a kan gadonka, kuma ramuka da shingayen bincike da manyan motoci ba sa barin idonka ya huta. Hanyar can shimfiɗaɗɗiya ce, motar kuma mai canja giya da kanta, babu abin da hannu ko ƙafa ke yi na tsawon sa'o'i. Irin wannan santsin ne ke kawo gyangyaɗin daƙiƙa uku ko huɗu wanda direba ba ya ma sanin ya yi. A gudun mil 65 a awa, wanda shi ne iyakar da aka yarda a manyan titunan jihar, mota tana cin kusan mita 29 a kowace daƙiƙa, don haka rufe ido na daƙiƙa huɗu ya fi tsawon filin ƙwallo babu kowa a kan sitiyari. Ni kaina na taɓa yin wannan ganganci shekarun baya. Ina tafe bayan garin Scranton na Jihar Pennsylvania da ɓarin goro a bakina, abin da na sani kawai shi ne gurnanin tayoyi a kan zanen nan da ake sassaƙawa a gefen kwalta don farkar da direba, na buɗe ido na ga ƙarfen shinge yana gab da madubin dama, goron kuma yana nan a kuncina ban ko tauna shi ba. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

A nan ne nake rasa haƙuri da masu ba da shawarar tasha. Wannan ya ce ka tauna goro, wancan ya ce ka sauke gilashi iska ta buge ka, wani ya ce ka ƙure rediyo ko ka wanke fuska da ruwan sanyi, wani kuma ya lissafa maka lemon gwangwani mai sa kuzari. Duk waɗannan suna sa mutum ya ji kamar ya wartsake na 'yan mintoci, sai ya ƙara amincewa da kansa ya ƙara taka totur, bashin barcin kuwa yana nan bai ragu ba. Mafi muni su ne masu raɗa wa matafiyi cewa ya tafi da ƙwayar tramadol a aljihu, wai ita ce sirrin direbobin dogon zango. Wannan ƙwaya tana cikin dangin magungunan da ke kawo jiri da barci, a wasu mutanen har da farfaɗiya, kuma a Amurka tana cikin magungunan da doka ta ƙayyade, shiga da ita ba tare da takardar likita ba yana iya jefa mutum cikin shari'a tun daga filin jirgi. Wanda ya ba ka wannan shawara ba zai kasance a cikin motar ba ranar da abin zai faru, 'ya'yanka ne za su kasance. Kofi yana da amfani iyakar gwargwado: idan barci ya kama ka a hanya, ka tsaya a wurin hutawa, ka sha kofi, ka kwanta minti 20 kafin ya fara aiki, sannan ka nufi masauki mafi kusa. Dabara ce ta isa gado, ba a gina tafiyar awa biyar a kanta.

Saboda haka daren farko ku kwana a otal kusa da filin jirgi, ku karɓi motar da safe. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka kama ɗakunan tun yanzu, musamman da yake ƙarshen mako a Oktoba masaukai kan cika da masu zuwa kallon ganye. Rana ta biyu ta hanya ce, ku isa kafin magariba, ku sauka a wuri ɗaya kamar Watkins Glen ku riƙa fita kuna dawowa, domin ɗaure kaya da kwance su kowace safiya da yara uku yana cinye rabin yini. Rana ta uku ku shiga kwazazzabon Watkins Glen da sassafe, inda hanya ke ratsa magangarun ruwa 19 a kan matakala sama da 800. Duwatsun a jiƙe suke kullum, a sa wa yara takalma masu kama ƙasa, kuma ka duba ko hanyar a buɗe take, domin ana rufe ta idan sanyi ya kusa. Da rana gidan tarihin gilashi na Corning yana da nisan kusan rabin awa, yara za su ga ana hura narkakken gilashi a gabansu. Rana ta huɗu ku ga magangarar Taughannock mai tsayin mita 66, wadda ta ɗara Neyagara tsayi ko da yake ruwanta siriri ne, ku zaga harabar Jami'ar Cornell a Ithaca, in da sauran lokaci ku bi titi mai lamba 89 a gefen Cayuga har garin Seneca Falls. Rana ta biyar ta komawa ce. Neyagara kuwa ka cire ta, sai dai in za ka ƙara kwana biyu, domin zuwa da dawowa a yini ɗaya zai mayar da kai cikin matsalar da muka gama magana a kanta.

Tsoron da kake yi na masu maye yana da wurinsa, kuma maganinsa shi ne ku kasance a masauki kafin duhu, musamman yammacin Asabar lokacin da ake tashi daga gonakin. Wannan ƙa'ida za ta kuma raba ku da barewa, waɗanda daga Oktoba zuwa Disamba suke yawan faɗowa titi da magariba da asuba. A kewayen Penn Yan za ka riƙa cin karo da keken doki na manoma 'yan ɗariƙar Kirista ta Mennonite, a rage gudu a ba su fili. Idan bas ɗin makaranta mai launin rawaya ta tsaya tana walƙa jan fitila, dole ka tsaya cak ko da daga ɗaya hannun kake. Duk yaron da bai cika shekara 8 ba sai an zaunar da shi a kujerar yara, ka nemi kamfanin hayar ya tanadar maka su tun lokacin da kake kama motar. Ka tafi da lasisinka na Najeriya na ainihi wanda bai ƙare ba, kuma idan maiɗakinka tana tuƙi, ka biya kuɗin da za a rubuta sunanta a takardar hayar a matsayin direba na biyu, domin inshorar ta rufe ta idan ta karɓe ka a hanya.