Shuɗin akwatin da ke komawa zamanin da: gaskiya ne ko ƙirƙira?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Abokina ya tura mini shirin Doctor Who, na ga mutumin yana shiga wani shuɗin akwati ya koma zamanin da, kuma yana da sukundireba mai ƙara da ke buɗe makullai. Akwai gaskiya a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Akwatin dai ƙirƙira ne. Sunansa TARDIS, da shi aka fara shirin a tashar BBC ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Siffarsa ta rumfar wayar 'yan sanda ce, irin wadda ake kafawa a bakin titi a Ingila a lokacin. A labarin, kamata ya yi ya riƙa rikiɗa yana sajewa da duk inda ya sauka, ka ga da garinku ya zo sai ya zama rumbu. To na'urar rikiɗar ce ta lalace, ya tsaya a haka.

Amma kada ka watsar da maganar baki ɗaya, domin lokaci ba tafiya ɗaya yake yi wa kowa ba. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa agogon mai tsananin gudu yana jinkiri idan aka gwada shi da na wanda ya tsaya. A 1915 ya ƙara da cewa ƙarfin jan da duniya ke yi wa abubuwa shi ma yana rage wa agogo sauri. An gwada a 1971: aka ɗora agogo masu matuƙar daidaito a jirgin sama aka zagaya duniya, da aka dawo sai suka saɓa da na ƙasa. Shaidar ma tana hannunka kullum. Agogon taurarin ɗan Adam na GPS, da yake jan duniya ya fi rauni a can sama, yana wuce namu da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana. Ka raina adadin? Da ba a gyara shi, da taswirar wayarka ta riƙa kauce wa hanya da kusan kilomita 10 a yini guda.

Wannan duk tafiya gaba ce: wanda agogonsa ya yi jinkiri, in ya dawo sai ya tarar lokacin sauran mutane ya wuce nasa. Komawa baya kuwa babu gwajin da ya taɓa tabbatar da ita, kuma hankali ma yana cijewa: in ka koma ka hana auren kakanka, wa ya haifi wanda ya koma ɗin?

Ni abin da ya fi burge ni a tambayarka sukundirebar ce, don ita ta fi kusa da sana'arka. A 1968 ta fara fitowa a shirin, kuma marubutan sun ce ba ta aiki a kan katako, wato ƙyauren katako mai sakata ya fi ƙarfinta. Buɗe makulli da ƙara tatsuniya ce, amma sauti yana aiki na gaske. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Sautin da ya haura nan shi ake yi wa masu juna biyu hoto da shi a asibiti. Akwai kuma ɗan kwanon wanki mai kaɗawa wajen 40,000 a daƙiƙa, yana tayar da ƙananan kumfa a ruwan wankin, su kuma su kankare datti da tsatsa a lungun da buroshi ba ya kaiwa. Da shi ake wanke injin wayar da ta faɗa ruwa. Ranar da ka shiga Kano, ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre, ka nemi manyan masu gyara su nuna maka yadda ake amfani da shi.