Masu zuƙar yashi sun ɓata mana rijiyoyi a Ikorodu: wa za mu kai ƙara?

Wani mai lambu daga wajen Ikorodu ya rubuto mini. Ya ce shekara tara ke nan suna noman alayyafo da latas da lalo a filin da suke haya daga wani gidan Yarbawa, da rijiyoyi uku da suka haƙa da kuɗinsu. Bara aka kafa injin zuƙo yashi a bakin ruwa, ana tara jiƙaƙƙen yashin bayan shingensu kafin tifofi su kwashe. Tun daga nan ruwan rijiyar ya zama zartsi, da safe ana ganin maiƙon gas a samansa, ganye yana ƙonewa daga baki-baki, ruwan sha ma sai an saya wajen 'yan garuwa. Da suka yi magana, sai aka nuna musu takarda aka ce daga Abuja take. Tambayarsa: ɗan haya, kuma baƙo, yana da ta cewa?

Malam, kana da ta cewa. Bari mu fara da takardar da aka tsorata ku da ita. Gaskiya ne ma'adinai duka na gwamnatin tarayya ne, sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya faɗi haka, kuma ofishin rajistar ma'adinai na tarayya ne ke bayar da lasisi ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007. A watan Janairun 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa iko da hanyoyin ruwan cikin gida na Legas yana hannun NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya riƙo takardar Abuja. Amma lasisin ɗibar yashi ba lasisin ɓata ruwa ba ne. Dokar ta 2007 ɗin da suke fakewa da ita, ita ce a sashe na 123 ta hana gurɓata ruwa a cikin filin aikin ko a wajensa, ta kuma ɗora diyya a kan wanda ya yi ɓarnar. Akwai kuma dokar 1992 da ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, da ƙa'idojin da NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, ta fitar a 2011 kan ingancin ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa.

Batun haya kuma, a shari'ar cutar da maƙwabci ba a tambayar wa ya mallaki fili kaɗai, ana tambayar wa ke riƙe da shi bisa halas. Idan kana da rasit ɗin haya, ko shaidun da suka san kana biya, amfanin gonarka da rijiyarka haƙƙinka ne. Sai dai ina jan kunnenka: sau da yawa gidan da suka ba ku filin su ne suka ba masu yashin bakin ruwan. Ka fara bincika wannan a natse kafin ka ɗauka mai fili zai tsaya maka.

Inda irin wannan ƙara ke mutuwa shi ne wajen hujja. Alƙali ba ya ɗanɗana ruwa. Lauyan kamfanin zai miƙe ya ce ruwan tafkin Legas dama yana ƙara gishiri da rani, kuma gaskiyarsa ce. Zai ce rijiyoyin bakin teku dama haka suke. Aikinku shi ne ku nuna bambancin da zuwan injin ya kawo. Ku nemo masanin gwajin ruwa mai rajista, ya zo da kansa ya ɗiba, kada ku kai masa a gorar da aka sha lemo. A ɗiba daga rijiyar da ke jikin tarin yashin, a ɗiba daga wadda ke nesa da shi, a ɗiba daga kwatar da ruwan yashin ke bi, a auna gishiri da mai, a gwada da ma'aunin ruwan sha na ƙasa. A maimaita da damina. Ku ɗauki hoto da bidiyo masu kwanan wata, ku rubuta lambar tifofi da sunan da ke jikin allon wurin. Littafin cinikinku na kasuwar Mile 12 ma shaida ne: kwando nawa kuke kaiwa a mako kafin bara, nawa kuke kaiwa yanzu. Na ga an rage wa manomi diyya ƙwarai don bai iya nuna abin da yake samu a da ba.

Da sakamakon gwajin a hannu, ku rubuta koke zuwa LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas da ke Alausa, da ofishin NESREA na Legas, da NIWA, da sashen sa ido kan muhalli na ma'aikatar ma'adinai. Kowace takarda a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Hukumomin tarayya za ku iya neman su nuna muku lasisin da rahoton muhallin ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa. Wani lokaci a nan ake gano takardar ta ƙare, ko ta wani wuri ce daban.

Idan an kai ga kotu, a kula da ƙofar da za a shiga. Sashe na 251 na kundin tsarin mulki ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin ma'adinai, tana nan Ikoyi, kuma an sha rushe shari'ar da aka ci bayan shekaru don an shigar da ita a kotun jiha. Ku shiga a ƙungiyance, mutum biyu ko uku su wakilci sauran, a nemi diyya, a kuma nemi umarnin gaggawa na a janye tarin yashin ko a gina magudana. Wa'adin ƙarar ɓarnar dukiya a Legas shekara 6 ne, amma mai neman umarnin gaggawa da ya yi shekara biyu yana kallo, da wuya alƙali ya yarda abin na gaggawa ne.

Ni da za a bi ta tawa, da an fara gwada sulhu a cibiyar sasanta 'yan ƙasa ta jihar Legas, wadda ba a biyan kuɗi, tare da Sarkin Hausawa da Baale, wato mai garin Yarbawa, a zaune. Kamfanin da ya ga sakamakon gwaji da kwafin koke huɗu yakan fi son ya haƙa burtsatse mai zurfi ya matsar da yashinsa a kan a rufe masa wuri. Amma idan suka miƙo ambulan da takardar Turanci, kada kowa ya dangwala yatsa sai lauya ya karanta. Galibi a cikinta aka rubuta cewa kun yafe duk wata ƙara har abada. Kuma ku hana samarinku tare hanyar tifofi. Ranar da aka fasa gilashin mota ɗaya, maganar ruwa ta tashi, ku ne za ku kwana a ofishin 'yan sanda kuna neman beli.