Na gama ɗinkin bargon ado da yadin da na rina, yaya zan ƙarasa shi?

Tambaya: Malama, na haɗa bargon ado irin na ratayewa a bango, hawa uku: fuska, auduga a tsakiya, sai shafi. Yadin fuskar ni na rina da hannuna, akwai ja da shuɗi kusa da fari. Ɗinki ya kammala amma gefuna sun karkace, kuma ina tsoron in sa ruwa rinin ya zuba. Me zan fara yi?

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya, don haka kada ruwa ya taɓa aikin nan sai kin gwada. Ki jiƙa farin ƙyalle, ki ɗora kan jan da shuɗin, ki danna da dutsen guga mai zafi na ɗan lokaci. In ya fito fari tas, kin tsira. In ya ɗauko launi, to da sauran rinin da bai kama zare ba.

Abin yi ya danganta da rinin. Irin su Procion MX, da ake haɗawa da garin soda (soda ash), suna kama auduga kam, abin da ke zuba rara ce kawai. Ita kuwa ruwan zafi mai yawa ke fitar da ita, kamar digiri 60 na ma'aunin Celsius, da sabulu irin Synthrapol. Ki yi ta canja ruwan har ya fito garau, kuma kada ki bar bargon a dunƙule yana jiƙe, nan ne ja ke tsallakawa cikin fari. Shuni halinsa daban: a kan zare yake zama, shi ya sa yake goguwa a hannu ko a bushe. In shi ne shuɗinki, tunda abin bango ne, ni dai ba zan wanke ba. Gishiri da binigar da ake cewa suna riƙe rini kuwa, ba sa yi wa audugar da aka riga aka rina komai. Gaba kuma ki riƙa wanke yadin tun kafin almakashi ya shiga.

Sai karkacewar. Ki shimfiɗa shi a wuri mai faɗi, ki ɗan fesa ruwa (in gwajin ya yarda), ki ja shi a hankali ki kafe da fil, ki bari ya bushe a haka. Ki auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, kuma gefunan da ke kallon juna tsawonsu ɗaya, ya miƙe, sai ki datse gefe.

Wajen rufe baki, yawanci ana yanka yadi mai faɗin inci 2 da rabi, a ninka, a zagaye gefen da shi. Yana da ƙarko, amma yana yi wa aikin iyaka kamar firam. Rinin hannu kuwa kyansa a ga launi ya malala har bakin ƙarshe. Saboda haka na fi son a ɗinka yadin ta fuska, a juya shi gaba ɗaya baya, a goge, a kalmashe da allurar hannu. Daga gaba ba a ganin komai. Ki rage audugar kusurwoyi kafin juyawa, in ba haka ba za su yi tudu.

A baya ta sama ki ɗinka aljihun da za a zura sandar ratayewa, mai faɗin inci 4, shi ne awon da wuraren baje koli suka saba nema. Ki bar masa ɗan sakwa-sakwa don kada sandar ta turo fuskar. Ki rubuta sunanki, sunan aikin da shekara a ƙyalle ki ɗinka a ƙasa, har da irin rinin, don wanda zai wanke wata rana. Ki rataye shi inda rana ba ta dukansa kai tsaye, in za ki ajiye kuma ki naɗe shi a kan bututu, fuskar tana waje.