Tambayoyin Masu Karatu: Karatun Sinanci a Jami'a

Tambaya: Malam, ina son yin digirin farko a harshen Sinanci, amma ana ce mini yana da wuya ƙwarai. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yata, wahalarsa tana cikin rubutu, domin sai kin haddace haruffa kusan 3,000 kafin ki iya karanta jarida. Karin sauti kuwa, kunnen Bahaushe ya saba da shi, tun da a Sinanci kalmar "ma" tana iya nufin uwa ko doki gwargwadon yadda aka karya murya, kamar yadda muke bambanta "kai" na jiki da "kai" na kiran namiji. Jami'ar Legas tana ba da wannan digiri, kuma ina ba ki shawara ki zauna jarrabawar HSK, wato ta gwada ƙwarewa a harshen Sinanci, tun kina aji biyu.