Amsa ga mai tambaya kan ANC bayan ta hau mulki

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ANC, jam'iyyar Mandela da ta yaƙi wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ta watsar da manufofinta na waje ne bayan ta hau mulki a 1994. Wallahi wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Lokacin gudun hijira burinta guda ne: duniya ta mayar da gwamnatin wariyar launin fata saniyar ware. Hedikwata a Lusaka, sansanoni a Tanzaniya da Angola, makamai daga Tarayyar Sobiyet, kuɗi daga Suwidin. Duk wanda ya miƙo hannu aboki ne, ba ta da kasuwar da za ta yi asara. Da ta karɓi mulki sai ta gaji bashi, ta gaji kamfanonin haƙar ma'adinai, ta kuma tarar da tsofaffin ma'aikatan gwamnati waɗanda yarjejeniyar miƙa mulki ta kare musu aikinsu.

Ka fara nazarinka daga Nuwamba 1995. Gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga wata, Mandela yana taron ƙasashe renon Ingila a Auckland. Ya fusata, ya nemi a sa wa man Najeriya takunkumi. Ya waiga bai ga kowa ba. Ko maƙwabtansa na SADC, ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, ba su bi shi ba. Daga nan gwamnatin Afirka ta Kudu ta ɗauki darasin kada ta sake fitowa ita kaɗai a kan wata ƙasar Afirka. Shi ya sa Mbeki, wanda ya gaji Mandela, ya riƙa lallaɓa Mugabe, shi ya sa aka bar al-Bashir na Sudan ya fice daga Afirka ta Kudu a 2015 alhali kotu ta hana shi tafiya.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne namu. Najeriya ta kafa asusun agaji ga masu yaƙi da wariya a kudancin Afirka a 1976, ma'aikata suka zuba daga albashinsu. Mbeki kansa ya zauna a Legas yana wakiltar ANC. A 1979 muka ƙwace kadarorin BP, kamfanin mai na Birtaniya, bisa zarginsa da hulɗa da gwamnatin wariya. Sai ga shi a 2019 ana ƙona shagunan baƙi a Johannesburg, har aka kwaso 'yan Najeriya a jirgi. Haba! Yaran can da yawa ba a ma gaya musu wannan tarihin ba.

Kada ka dogara da jawabai, bi ƙuri'u da ranaku. Dubi yadda aka bar Taiwan aka koma Sin ranar 1 ga Janairu 1998, da ƙuri'ar da suka kaɗa a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2007 ta ƙin ƙudurin da ya soki gwamnatin sojan Myanmar. Amma don Allah kada ka rubuta cewa komai ya canza. Sun amince da Yammacin Sahara a matsayin ƙasa a 2004, suna nan da Kyuba, kuma su ne suka maka Isra'ila a Kotun Duniya a Disamba 2023.