Amsa ga Alhajin da ɗansa ke son zama direban tseren mota

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka ita ce yaronka ɗan shekara 14 a nan Bauchi ba shi da zance sai tseren mota, ya iya jan motar gida, kana son sanin ta ina ake bi mutum ya zama kamar su Hamilton, zakaran Formula 1, wato babbar gasar tseren mota ta duniya, kuma nawa abin ke ci. Na ga wasu 'yan uwa sun ba ka shawara ka saya masa tsohuwar BMW 'yar Kwatano ya riƙa koyo a fili. Don Allah ka ajiye wannan shawarar tukuna.

Wasan motar da samari ke yi ranar ɗaurin aure ko bayan hawan Sallah, ana juyi ana tayar da ƙura taya na ƙauri, ba shi ne tsere ba, kuma ba ya kai mutum can. A filin tsere duk tayar da ta zame lokaci ta zubar, domin tayar da ke zamewa ba ta tura mota gaba. Abin da ake auna direba da shi agogo ne: ya zagaya fili sau 15, kowane zagaye ya fito kusan daidai da ɗan uwansa, bambancin bai wuce kashi biyu ko uku cikin goma na daƙiƙa ba. Yaron da ya yi zagaye ɗaya na ban mamaki, na gaba ya faɗa ciyawa, babu ƙungiyar da za ta kalle shi sau biyu.

Kusan kowa daga kat yake farawa, wato 'yar ƙaramar motar nan mai kujera ɗaya da ke kusan shafar ƙasa. Lewis Hamilton ya fara yana ɗan shekara 8 a 1993, ƙungiyar tsere ta McLaren ta ɗauke shi cikin shirinta na yara a 1998 yana da 13, ya shiga Formula 1 a 2007, ya ci kambun duniya a 2008. Max Verstappen tun yana ɗan shekara 4 aka ɗora shi a kai. Kada ka raina kat don ƙanƙantarta, a cikinta ake koyon duk sana'ar. Ba ta da shokoziba, kuma tayoyin baya sanda guda ce ta haɗa su, tare suke juyawa. Saboda haka a kwana dole tayar baya ta ciki ta ɗan ɗaga daga ƙasa, in ba ta ɗaga ba kat ɗin sai ta ƙi juyawa ta miƙe gaba, ka murɗa sitiyari ka gaji. A ajin yara birki a baya kaɗai yake. Yaro ya taka shi da ƙarfi yana tsakiyar kwana, nan take bayanta ya zagayo gaba.

Injin ƙananan yara 60cc ne, na waɗanda suka tasa 125cc, kuma irin na ƙaramin janareton nan ne da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. A injin kat na kamfanin Rotax awon shi ne ɗaya cikin hamsin, wato mililita 100 na man injin a lita 5 ta fetur. Wurin da sababbin shiga ke ƙona kuɗinsu shi ne kafireta. Iska mai zafi ko ta kan tudu ba ta da kauri, don haka ana sa ƙaramin jet, wato ɗan bututun da mai ke bi a cikin kafireta. Iskar sanyin safiya ta hunturu tana da kauri, tana son mai da yawa. Wanda ya saita kafireta da azahar a watan Afrilu, ya bar ta haka ya fito da ita da sassafe a watan Disamba, man da ke shiga ya yi wa injin kaɗan, fistin ya yi zafi ya kama, an tafi sayen sabo. Ko tsakanin Bauchi da Jos saitin ba zai zama ɗaya ba, tunda Jos ta fi mu tudu nesa ba kusa ba. Iskar taya ma haka. Motar gida mai faci na ba ta 32 ko kusa da haka, ta kat tsakanin 10 da 14 take yawo, kuma ana auna ta kafin a shiga fili da kuma daidai lokacin da aka fito tana da zafi, a rubuta a littafi tare da yanayin ranar. In ta yi yawa, taya ta yi saurin ɗaukar zafi, zagaye huɗu ko biyar ta fara santsi. In ta yi kaɗan, sai an kusa gama tseren kafin ta kama ƙasa.

Shan kwana kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce daga kat har Formula 1. Ka buɗe zuwa gefen waje, ka taka birki tun mota na miƙe, kana sakinsa a hankali kana murɗa sitiyari, ka shafi cikin kwanar, ka sake buɗewa waje kana ƙara wuta. Kuskuren kowane sabon direba shi ne saurin juyawa. Ya shige ciki da wuri don ɗoki, wajen fita hanya ta ƙare masa, dole ya ɗaga ƙafa daga totur a daidai inda ya kamata ya take shi. Ka lissafa: kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kowace kwana, fili mai kwana 12, ya zubar da daƙiƙa 1.2 a zagaye guda. A gasar Turai wannan ya isa ya mai da yaro daga sahun gaba zuwa na ƙarshe.

Bayan kat sai matakala. Formula 4 daga shekara 15, sai gasar yanki, sai Formula 3, sai Formula 2, sannan Formula 1. Hukumar da ke kula da wasan a duniya ita ce FIA, kuma ba ta ba mutum lasisi kai tsaye, sai ta hannun ƙungiyar ƙasarsa. A Najeriya ATCN ce. Wannan lasisin dabam yake da na tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ke bayarwa. Babban lasisin Formula 1 yana neman maki 40 cikin shekara uku, da gwajin kilomita 300 a motar Formula 1, da shekara 18, ko da yake an bar ƙofar 17 ga wanda hukumar ta ga ya cancanta. An tsaurara dokar ne bayan Verstappen ya shigo yana da 17 a 2015. Zakaran Formula 4 maki 12 kawai yake samu, na Formula 3 maki 30, ukun farko a Formula 2 kowa 40. Bayan duk wannan wahala kujerun 20 ne a duniya gaba ɗaya har zuwa 2025, suka zama 22 a 2026 da shigowar ƙungiyar Cadillac.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce mutane ba sa son ji. A duk matakan da ke ƙasa da Formula 1 ba a biyan direba, shi ne ke biyan ƙungiya ta ba shi mota da makanikai. Shekara ɗaya a Formula 4 dubban ɗaruruwan Yuro ce, Formula 3 ta haura miliyan ɗaya, Formula 2 wajen miliyan biyu ko fiye, ban da kuɗin gyara in yaro ya buga motar, wanda galibi a wuyan iyaye yake. Ka buga da canjin yau ka gani. Mahaifin Hamilton ayyuka da yawa ya riƙa haɗawa lokaci guda don ya riƙe ɗansa a kat, shi ne kuma makanikensa, amma duk da haka sai da McLaren ta ɗauki nauyin kafin tafiyar ta miƙe. Akwai yaro mai jinin Najeriya a wannan matakala, Ugo Ugochukwu, wanda McLaren ta ɗauka a 2021, ya ci tseren Makau a 2024. Sai dai a New York aka haife shi a 2007, kuma a filayen kat na Amurka da Turai ya tashi. Nahiyarmu rabonta da tseren Formula 1 tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993.

Gaskiya ɗaya ce, Alhaji: ɗan shekara 14 da bai taɓa zama a kat ba, ƙofar Formula 1 ta kusa rufe masa ko da kuɗin na nan, domin sa'o'insa sun ba shi ratar shekara shida ko bakwai. Amma Formula 1 ɗaki ɗaya ne a cikin babban gida.

Akwai rali, tseren da ake yi a hanyar burji da daji, mota ɗaya bayan ɗaya, agogo na ƙirga. Sébastien Loeb na Faransa aikin wayarin lantarki yake koyo, bai fara rali ba sai da ya kai 21, ya zo ya ci kambun duniya sau tara a jere daga 2004 zuwa 2012. Rali ya fi dacewa da ƙasarmu, kuma a Afirka yana da gindi: Safari na Kenya tun 1953 ake yinsa, ya dawo gasar duniya a 2021. Ralin Dakar ma dattawa za su tuna ta Agadas yake bi, kafin a soke na 2008 saboda matsalar tsaro a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya, inda ɗan ƙasar Yazeed Al-Rajhi ya ci a 2025. A rali kujera biyu ce. Na gefen direba yana riƙe da littafi yana karanta masa abin da ke gaba, tsananin kwana, nisanta da mita, rami ko tudu, kafin ido ya gani. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma natsuwa da lissafi take so fiye da kuɗi.

Akwai kuma tseren kwamfuta, wanda wasu ke ɗauka wasan yara ne. Jann Mardenborough na Birtaniya ta nan ya fito, ya ci gasar GT Academy ta Nissan da Sony a 2011, a 2013 ya zo na uku a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans. Sitiyari mai turo hannu da fedar birki da totur, da wasan Gran Turismo ko Assetto Corsa, sun isa su koya wa yaro layin kwana da wurin taka birki yana zaune a ɗakinsa a Yelwa. Abin da ba za su koya masa ba shi ne tsoro da nauyin jiki. Sai dai ka tanadi wuta da intanet mai ƙarfi, don in layi ya tsinke a tsakiyar gasa an fitar da shi ke nan.

Sannan kada a manta manyan ƙungiyoyin Formula 1 direba biyu suke da shi amma ma'aikata sun kai dubu. Canjin taya huɗu a cikin daƙiƙa biyu mutum wajen 20 ke yinsa, McLaren ta taɓa yi a 1.80 a Katar a 2023. Yaron da ya riƙe lissafi da kimiyyar fiziks, ya karanci injiniyan inji a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke ƙofar gidanmu, hanyarsa ta shiga wannan duniya ta fi faɗi. Shi kansa direban zamani rabin aikinsa zama ne da injiniya ana duba zanen kwamfuta na inda ya taka birki da inda ya saki.

Jiki ma yana da nasa haƙƙin. A birki mai tsanani direban Formula 1 na ɗaukar ninki biyar na nauyinsa, kai da hular kwano da ke wajen kilo 6 ko 7 sai su koma sama da kilo 30 a kan wuya. Fedar birki tana son ƙarfin da ya haura kilo 100 daga ƙafar hagu, kuma a tsere mai zafi mutum na zubar da kilo biyu zuwa uku na gumi. A shekarunsa gudu da keke da tsallen igiya sun wadatar. Kada a rataya masa ƙarfe a wuya ba tare da mai horarwa ba. A kai shi a duba idonsa.

Dalilin da ya sa na ce a bar maganar BMW: motar gida ba a gina ta don taka birki mai ƙarfi a kai a kai ba. Man birki na shan danshi in ya daɗe. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa a 155 ya tafasa, kuma da ya tafasa feda sai ta nutse har ƙasa babu komai. Tayoyin Kwatano kuma ka duba lamba huɗu da ke gefensu, 2318 na nufin mako na 23 na 2018, robar ta bushe ko da zanenta na nan. Ga shi babu kejin ƙarfe a ciki, babu bel mai harshe shida, babu abin kashe gobara, ga 'yan kallo a tsaye ba shinge, ga yaro bai kai 18 ɗin da doka ta yarda ya hau titi ba. Direban Formula 1 Romain Grosjean ya fito da ransa daga wuta a Baharen a 2020 ne saboda ƙarfen kariyar kai da aka wajabta a 2018 da rigar da ba ta saurin kama wuta. Kafin a kawo wannan ƙarfen an rasa Ayrton Senna a Imola a 1994, an rasa Jules Bianchi a 2015.

Abin da za ka yi a wannan hutun bai da tsada. Ka kai shi Abuja ko Legas inda ake hayar kat, ka tabbata wurin na da agogon da ke fitar da lokacin kowane zagaye a takarda. Hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya, daidai kansa, ba irin ta 'yan acaɓa ba, da rigar kare haƙarƙari, domin kujerar kat na bugun awazu sosai. Ya yi shiga uku a rana ɗaya, da hutu tsakaninsu, ya sake washegari. Kada ka tsaya a bakin fili kana ce masa ya ƙara wuta. Ka duba abu uku: ko lokacinsa na sauka daga shiga ta farko zuwa ta shida, ko zagayen sun fara kama da juna, da kuma ko in ya fito zai iya gaya maka kwanar da ya ɓata da abin da ya jawo. Na ukun nan shi masu neman yara suka fi sa wa ido.

In ka samo takardun, ka ɗauki hotonsu ka ɗora a nan. Zagaye na 5 zuwa na 15 za mu duba, don na farko-farkon taya ba ta yi zafi ba tukuna.